Bin Sawun Kwabo Mai Huji: Daga Kano Zuwa Lakwaja

Kwabo ɗaya ne ya tayar da ni daga Kano har bakin kogin Kwara. Lokacin da ake rabon ɗan abin da kakata ta bari, Allah ya jiƙanta, an sami wani ƙullin tsumma a gindin adudunta, da aka kwance sai aka tarar da wuri goma sha ɗaya da kwabo guda mai huji a tsakiya. Da yake babu wanda ya ga amfaninsu, sai aka miƙo mini, wai ni ne mai aikin lissafin kuɗi. A fuska ɗaya ta kwabon akwai kambi da sunan Sarkin Ingila Joji na Biyar da ɗan rubutun Larabci, a ɗaya fuskar kuma tauraro mai tsini shida da shekarar 1920. Na shafe fiye da shekara ashirin ina aikin akanta, kuma aikin ya bar mini wata ɗabi'a, wato duk kuɗin da na gani sai na tambayi wanda ya buga shi da wanda ya ci ribar bugawar. Saboda haka da hutun ƙarshen shekara ya zo, na ɗauki ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a, muka ƙudurta bin tsohon layin dogo da baya da baya, daga Kano inda ya ƙare zuwa Baro, a bakin Kwara, inda aka fara shi.

Kafin mu nufi tasha mun biya ta filin dalar gyaɗa da ke Ƙofar Mazugal, da sassafe, hazo ya rufe gari, samari suna ta buga ƙwallo a wurin da buhuna suka taɓa yin tsiri. A gefen filin muka sami wani dattijo yana shan hantsi, wanda ya ce da ƙuruciyarsa ya yi dako a nan. Na tambaye shi ko yana kewar zamanin, sai ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ku da kuka ga dala a hoto kun ɗauka ado ce. Dala jiran tarago take yi. In ka ga ta daɗe a tsaye, to jirgi ne ya kasa kwashewa, mu kuma sai mu yi ta lulluɓe ta da tamfol muna fama da ƙwari.” Wannan magana ta zauna mini, domin a idon akanta kayan da aka jibge ba a sayar ba jari ne da ya kwanta. Abin da bai faɗa ba, amma yana rubuce a tarihi, shi ne daga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ce ta riƙa yanke farashin gyaɗa. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta musamman, wadda take saye daga manomi a ƙasa da farashin kasuwar duniya ta ajiye rarar, kuma kaso mai yawa na wannan rara a Landan aka ajiye shi, a daidai lokacin da Ingila take fama da bashin yaƙi.

A tashar Unguwa Uku muka shiga motar Kaduna, kowannenmu naira dubu takwas. Tsakanin Kano da Zariya an tsayar da mu sau huɗu, kuma a kowane shinge direba yakan miƙa hannu ta taga a dunƙule ya dawo da shi a buɗe, babu mai cewa uffan. Wani fasinja ya yi tsaki, direban ya ce, “Alhaji, haƙuri za ka yi, kuɗin hanya ne.” Na tuna cewa bayan cin Kano a 1903, ɗaya daga cikin hanyoyin farko da Gwamna Lugga ya bi don samun kuɗin shiga ita ce ɗora wa ayarin fatake kuɗin wucewa a manyan hanyoyi, har sai da wanda ya gaje shi ya soke abin a 1907 saboda yana kashe fatauci. Wancan aƙalla akan shigar da shi a littafi.

A Zariya direba ya tsaya shan mai, muka sauka muka ci ƙosai da kunu. Zariya ce ta sa na fara yi wa yaron bayanin babban kuskuren lissafin da Turawa suka yi, wanda ya zame musu riba. Masu masaƙun Manchesta sun gaji da dogaro da audugar Amurka, sai suka kafa ƙungiyar noman auduga a 1902, wadda bakin Bahaushe ya mayar da sunanta Bisije, suka kuma matsa wa gwamnatinsu lamba a shimfiɗa dogo zuwa Kano, bisa zaton ƙasar Hausa za ta cika musu jirage da auduga. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912, sai manomi ya duba ya ga masaƙan gida da marina suna sayen audugarsa da tsadar da Bisije ba ta iya bayarwa, gyaɗa kuwa tana da kuɗi a kantin Turawa, ba ta gajiyar da ƙasa, kuma in shekara ta ɓaci ana iya cinta. Fataken goro, waɗanda suka saba da ba da bashi da aika yara ƙauyuka, su suka zama dillalai. A 1913 kawai an fitar da gyaɗa fiye da tan 19,000, har ta rasa wurin ajiya a tashar Kano. Daga cikin waɗannan fatake ne Alhassan Ɗantata ya fito, mutumin Bebeji da ya yi fataucin Gwanja, wanda ake ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin ne suka ɗauko masa tsabar azurfar da ya kai ajiya.

Mun kwana a Kaduna a gidan wani abokin aikina. Da yamma ya kai mu Gamji muka ga ƴar gadar ƙarfen nan ta Lugga, wadda aka kafa a Zungeru a 1904 daga baya aka ciro ta aka kawo nan. Ban ga wani abin mamaki a jikinta ba, illa dai ta nuna mini halin masu ita: da suka tashi daga gari, har gada sun tafi da ita.

Hanya mafi kusa zuwa Zungeru ita ce ta Birnin Gwari da Tegina, amma duk wanda muka yi wa maganarta sai ya girgiza kai saboda ƴan bindiga. Don haka muka yi zagaye, muka shiga jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Kubwa, daga nan mota zuwa Suleja, wata kuma zuwa Minna. Jirgin yana da sanyi da tsabta, kuma da yaron ya ce ai wannan ba na Turawan mulki ba ne, na ce masa haka ne, an buɗe shi a 2016, amma shi ma da rancen waje aka gina shi, na ƙasar Sin. A Minna muka kama ɗaki a wani masauki kan naira dubu goma sha takwas, wanda mai shi ya rantse mana akwai wuta har asuba, amma ƙarfe goma sha ɗaya injin ya yi shiru, sauro ya karɓi aiki. Sakwara da miyar agushin da muka ci a bakin kasuwa ita ce ta rage mana haushi.

Washegari muka nufi Zungeru, wadda kakanninmu suke kira Dungurun, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Wanda bai sani ba zai wuce garin nan bai waiwaya ba, alhali daga 1902 har zuwa lokacin da aka koma Kaduna a 1917, daga nan ake juya ƙasar da ta tashi daga Sakkwato har tafkin Chadi. Wani mai babur ya kai mu inda tsofaffin ofisoshi suke, muka kutsa cikin ciyawa da ƙaiƙayi, muka tarar da ginshiƙai a tsaye babu rufi, da daɓen da itatuwa suka fasa, awaki suna kiwo a kai. Na zauna a kan wani guntun gini ina kallon wurin, domin a ɗakuna irin waɗannan ne aka yi ta fama da lissafin da ya haifi Najeriya.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Ƙa'idar baitulmalin Ingila ita ce kowace ƙasar da aka mallaka ta ɗauki nauyin kanta, ta biya albashin Razdan da Di'o da soja da ɗan sanda daga aljihun waɗanda ake mulka. Kudu tana da teku, tana karɓar kuɗin kwastan, kuma kaso mai tsoka na wannan kuɗi daga barasar da ake shigowa da ita daga Turai yake fitowa. Arewa ba ta da gaɓar teku, an kuma haramta shigo da barasar cikinta bisa yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a 1890, saboda haka kowace shekara kasafinta da giɓi yake ƙarewa. Sai Landan ta cike giɓin da tallafin da a wasu shekaru ya haura fam 300,000, Kudu ma ta ba da nata. Wannan tallafi shi ne ƙayar da ta tsaya wa baitulmalin Ingila a maƙogwaro, kuma shi ne babban dalilin da ya sa aka dawo da Lugga a 1912 aka ce ya haɗe ɓangarorin biyu, abin da ya tabbata ranar 1 ga Janairu, 1914. A makaranta an koya mana haɗewar a matsayin babin siyasa, amma ni da na saba ganin kamfani mai riba ya haɗiye mai asara domin littafi ya daidaita, ban ga baƙon abu a cikinta ba.

Kafin haɗewar ma an riga an juya kan talaka. Dokar haraji ta 1906 ta tattara kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da kuɗin sana'o'i iri-iri ta dunƙule su, ta bar jangali a kan shanu, aka mayar da hakimai ƙauyuka domin su tsaya a kan tarawa, aka raba abin da aka tara tsakanin gwamnati da sarauta, a yawancin masarautu rabi da rabi. Daga baya aka kafa baitulmalin En'e, aka yanka wa sarki da alƙali da dogari albashi. Muhimmin abu dai shi ne, sannu a hankali aka daina karɓar haraji da dawa ko tufafi ko wuri, aka ce sai da kuɗin Bature. Kuɗin Bature kuwa ba ya tsirowa a gona. Dole mutum ya noma abin da kanti yake saye, ko ya tafi aikin dogo, ko haƙar kuza a Jos, sannan ya sami sulallan da zai miƙa wa dagaci. Ko a yunwar 1914, wadda tsofaffi suke kira Kakalaba, ba a daina neman haraji ba. Na ciro kwabon kakata daga aljihu na nuna wa mai babur ɗin, ya jujjuya shi ya ce, “Malam, irin wannan ai a wuyan yara muke ganinsa.”

Daga Zungeru muka koma Minna muka kama hanyar Bida, wadda ramukanta suka sa tafiyar ta ninka. Bida gari ne mai nutsuwa, ga maƙeran tagulla, ga shinkafa, ga ƙuli-ƙulin da ya yi suna har Kano. A wurin sayen ƙuli-ƙulin ne aka yi abin da ya fi komai faranta mini rai a tafiyar. Yaron ya tambayi farashin leda ɗaya, sai matar, wata dattijuwa mai Hausa da karin Nufanci, ta ce, “Jaka biyar, ɗan nan.” Ya juyo yana kallona. Na ce masa ya ba ta naira dubu ɗaya, sannan a kan hanyar masauki na warware masa. A zamanin Turawa fam ɗari na tsaba a jaka guda ake ƙulle shi, sai fam ɗari ya zama jaka. Da aka canja kuɗi a 1973 fam ɗaya ya koma naira biyu, sai jaka ta zama naira ɗari biyu, ta kuma zauna a haka a bakin mutanen da ba su taɓa ganin fam ba. Haka ma rabin kwabo da ake kira ɗari, sunan ya samo asali ne daga wuri ɗari da ake musanya shi da su. Kakata har ta rasu da anini da taro da sisi da sule take auna tsadar abu, in ta ce abu bai kai anini ba, to ta gama raina shi, domin anini goma ne kwabo.

Wurin da ke cikin ƙullinta ma baƙo ne, daga tsibiran tekun Indiya ake kawo shi. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne suke daidai da riyal ɗaya na azurfa. Daga baya ƴan kasuwar Turai suka yi ta jibgo wani nau'in wuri mai araha daga gaɓar gabashin Afirka har darajarsa ta zube, ya zamana dakon kuɗin yana cinye kuɗin. A 1904 aka hana shigo da shi, aka kuma ƙi karɓarsa a ma'ajin gwamnati, sai wanda ya tara dukiyarsa a keso-keso na wuri ya wayi gari da tarin ƙwanso. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, mazauninta a Landan, ita ce take buga wa Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya kuɗi. Tsarinta shi ne duk fam ɗaya da zai zagaya a nan sai an ajiye fam ɗaya na Ingila a can. Wato kafin kwabon kakata ya shigo hannunta, sai da wani ya fitar da gyaɗa ko fata ko kuza ta daidai ƙimarsa, ajiyar da ke tsaye a bayansa kuma tana can ana juya ta a takardun bashin gwamnatin Ingila da na sauran ƙasashen daularta. Haka aka zauna har Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959.

Wahalar tafiyar gaba ɗaya tana tsakanin Agaie da Baro. Motar da muka samu a Agaie tsohuwar akori-kura ce da aka cika da buhunan gishiri da jarkokin fetur, muka zauna a kansu har Katcha, ƙura ta mayar da mu kamar waɗanda aka tono. Daga Katcha sai babur, kowa da nasa, naira dubu huɗu-huɗu bayan doguwar jayayya. Sau biyu babur ɗina yana kafewa a rairayi, a na biyun muka kife gaba ɗaya, gwiwata ta goge, tabarau ɗina ya karye a ƙafa guda. Yaron ya sauko a guje yana cewa, “Kawu, mu koma haka nan, abin da za a gani ai yana cikin littafi.” Na ce masa wanda ya zo bakin rijiya ba ya komawa da ƙishirwa, muka ɗaure tabarau da zare muka ci gaba. A hanya muna ta gilma tsohon dogo, wani wuri ƙarfen yana nan cikin ciyawa, wani wuri ƙasa ta binne shi, wani wuri kuma babu shi sam.

Mun isa Baro da la'asar. Gari ne ƙarami a gindin tudu, kogi shimfiɗe a gabansa, ga tsofaffin gine-ginen reluwe da sito-sito da tsatsa ta cinye rufinsu. A nan ne a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda injiniyan dogo ne ɗan asalin Kanada, aka fara aikin layin da ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya ya kai Kano, mil ɗari uku da hamsin da ƴan kai. Arewa ba ta da abin da za ta ci bashi da shi, don haka Kudu ce ta ɗauki nauyin rancen, sama da fam miliyan ɗaya. An yi aikin da araha ƙwarai, kuma sirrin arahar shi ne lebura: sarakuna da hakimai aka ɗora wa kawo mutane daga ƙauyuka, ko suna so ko ba sa so, a biya su da tsabar Bature, tsabar da mafi yawanta za ta koma hannun gwamnati da sunan haraji.

Dalilin mutuwar Baro kuwa da idona na gan shi. Da yake rani ya fara, ruwa ya ja baya, tsibiran yashi sun fito fili a tsakiyar kogi, har wani masunci yana tafe a ƙafa yana jan kwalekwalensa a inda nake zaton zurfi ne. Na tambaye shi ko babban jirgi yana iya zuwa nan, ya ce, “Sai dai in ruwa ya cika, wata biyu ko uku, daga nan sai a jira baɗi.” Gyaɗa kuwa da kaka ake girbe ta, ta iso bakin kogi daidai lokacin da ruwan yake janyewa. Da layin Legas ya haɗu da wannan a Minna, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, sai kaya suka riƙa wucewa kai tsaye zuwa teku, Baro ta koma reshe. A gefen garin akwai sabuwar tashar jiragen ruwa da aka ƙaddamar a Janairun 2019, mun hango ƙugiyar ɗaukar kaya a tsaye daga bayan shinge, ba mu ga jirgi ko ɗaya ba.

Babu masauki a garin, sai wani mai shago ɗan asalin Katsina ya shimfiɗa mana tabarma a zaurensa, matarsa ta aiko da tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi mai yaji wadda har yau ban ci irinta ba. Da safe na yi ƙoƙarin ba shi wani abu ya ƙi karɓa, ya ce baƙo ba ya biyan kuɗin zaure.

Mun so mu bi ruwa zuwa Lakwaja, amma ganin kwalekwalen da yawan mutanen da ake ɗurawa a ciki babu rigar ruwa ya sa muka fasa. Muka sake shan ƙurar Katcha, muka bi ta Lapai da Lambata da Gwagwalada da Abaji, yini guda cur, muka haye gadar Murtala da magariba, masu busasshen kifi suna ta turo tire ta taga.

Lakwaja akwai zafi ko a cikin hunturu, ga iska mai ɗanshi da Bakano bai saba da ita ba. Da safe muka hau dutsen Patti, inda ake hango mahaɗar Kwara da Binuwai, ruwan biyu kowanne da launinsa. Mai yi mana jagora ya ce a nan matar Lugga ta tsaya ta raɗa wa ƙasar suna. Ban yi masa musu ba, amma sunan ya fito ne a wata maƙala da Flora Shaw ta rubuta a jaridar Times ta Landan a 1897, shekara biyar kafin ta auri Lugga. Abin da ya kawo ni dai yana ƙasan dutsen, inda ranar 1 ga Janairu, 1900 aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila. Mutane da yawa ba su san cewa kafin wannan rana ba gwamnati ce take riƙe da kogin nan ba, kamfanin ƴan kasuwa ne mai masu hannun jari. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ciniki a kogin a 1879, ya sami takardar izinin sarauta a 1886, sai Kamfanin Neja ya zama shi ne mai saye, shi ne mai karɓar kwastan, shi ne mai kotu, shi ne mai soja. Ya toshe wa ƴan kasuwar gida hanya har mutanen Nembe suka kai wa hedikwatarsa ta Akassa hari a 1895, sojojinsa ne kuma suka ci Bida da Ilori a 1897.

Da gwamnatin Ingila ta ga kamfani ba zai iya tare Faransa ba, sai ta karɓe izinin ta biya shi fam 865,000, a ciki har da bashin da ya ci da sunan gudanar da mulki, ta kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin da za a samu daga haƙƙin ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Kamfanin bai tafi ko'ina ba, ya ajiye bindiga ya riƙe sikeli. A 1920 kamfanin Lever Brothers mai yin sabulu ya saye shi, a 1929 aka haɗe shi da wani ya zama UAC, wanda tare da su Janhol suka riƙa sayen gyaɗar da aka tara a Ƙofar Mazugal. A bakin kogi har yanzu ana ganin tsofaffin sito-sito na kamfanonin, wasu an mayar da su shaguna, wasu an bar wa jemagu.

Da yamma muka shiga unguwar Kabawa, inda Hausa take tashi ta ko'ina kamar mutum yana Fagge. Wani dattijo ya raka mu kabarin Sarkin Kano Alu, wanda Turawa suka kama a 1903 suka kai shi Yola, daga baya suka kawo shi nan, ya zauna har ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma a garin nan ya ƙare kwanakinsa. Wurin ba shi da wani ado, ɗan gini ne da tabarmi a gefe. Muka yi addu'a muka shafa. Ina tsaye sai lissafi ya zo mini cewa lokacin da aka buga kwabon da ke aljihuna Sarki Alu yana raye a unguwar nan, kuma duk abin da za a sayo masa a kasuwa da irinsa za a biya. Na nuna wa dattijon, ya karɓa ya kai kusa da idonsa, ya ce, “Allah Sarki, ahu muke sayen ƙosai da safe, kwabo da ɗari ke nan.” Ya miƙo mini, ya ce in gaishe da mutanen Kano.

Komowa ba ta da labari, mota ɗaya ce daga Lakwaja har Unguwa Uku, awa goma sha ɗaya da shingaye da ban ƙirga ba. Bayan mun wuce Zariya na ciro ɗan littafina na haɗa abin da muka kashe a kwana bakwai, mota da babur da masauki da abinci da gyaran tabarau, ya kama naira 290,000. Yaron ya karɓi littafin ya raba biyu, ya ce fam 145,000 ke nan a tsohon lissafi, sannan ya ɗan yi shiru yana danna waya. “Kawu,” in ji shi, “ashe in muka yi irin wannan tafiya sau shida mun kashe kuɗin da aka sayi ƙasar da su.” Na fara yi masa bayanin cewa ba haka ake kwatanta kuɗin zamani biyu ba, fam ɗin 1900 yana da zinariya a bayansa, amma kafin in kai ƙarshen maganar ya jingina da taga barci ya ɗauke shi. Mun shigo Kano bayan sallar isha'i, na mayar da kwabon cikin tsummansa tare da wurin goma sha ɗaya.